Gurbin Tulun Tanoma

Ina tsugune ina tankaɗen gari a tsakar gidanmu na unguwar Zariya a Maradi, autata Nafisa ta shigo daga lakwal, wato makarantar boko, da gudu, ko jaka ba ta ajiye ba ta ce an zaɓe ta. Wai za a yi bikin buɗe Tudun Kagara, tsohon sansanin yaƙin nan da ke bayan Jiratawa. An kewaye shi da waya, an kafa masa allon ƙarfe, manya za su zo daga gari. A duk 'yan matan ajinsu ita malaminsu Mushe Laminu, kamar yadda 'yan lakwal ke kiran malami da Faransanci, ya nuna. Ita za ta hau tudun da tulu a ka, cikin shigar mutanen da, ta ba baƙi ruwa.

Na ajiye rariya na ce, "Ba ki hawa."

"Mama, ba ki ji ba? Ni anka zaɓa!"

"Na ji sarai. Ɗiyar gidanmu ba ta hawa tudun ga da ruwa. Ki gaya ma mushenku shi nemi wata."

Ta tsaya tana kallona, sannan ta shige ɗaki ta bugo ƙofa. Da yamma ubanta Malam Issufu ya dawo daga kanti, ta kai masa ƙarata tun bai cire takalmi ba. Shi mutumin Tsibiri ne, kuma a wurinsa duk inda aka taɓa ɗaure doki a ƙasar nan, kakansa ne ya ɗaure shi.

Ya ce, "Balki, wanga wane irin arnanci na? Kakanninmu sun tsare tudun ga da jininsu."

Na ce, "Malam, da ruwan wa?"

Bai gane ba, ni kuma ban ƙara ba, domin amsar tana da tsawo. Ta faro ne tun daga bakin wutar Kaka Gwamma.

Kaka Gwamma uwar innata ce. Ƙauyensu yana tsakanin gonakin fadamar gulbi da gindin tudun, kuma can ake tura mu ni da yayana Sani duk hutun lakwal na lokacin sanyi. Iyayenta Azna ne, masu tsafi a gindin tsamiya. Ita kanta sai da furfura ta fito mata ta kama salla, ta kuma riƙe ta da kyau, amma ba ta taɓa yarda a zagi iyayenta a gabanta ba. Ba irin kakannin nan ba ce masu lallashi. Doguwa ce, busasshiya, kullum da taba da kanwa a leɓe. Idan ta so ka, alamar ita ce ta fi zaginka.

Da an ci tuwo bayan magariba sai ta ce a kwaso kara. A hura wuta a ƙofar ɗakinta, ta tura dankali cikin toka, ta zuba gujiya a kasko. Yaran maƙwabta su taru, kowa ya miƙa ƙafa ga wuta, bayansa na shan sanyi. Har yau idan na ji ƙanshin karan gero yana ci, sai in ji kamar za a ce mini in matsa in ba ƙanana wuri. Ta iya gatana, kamar yadda take kiran tatsuniya. Idan tana muryar kura sai ƙananan su cusa kai cikin zanen manya, idan kuma wani ya yi gyangyaɗi ta jefe shi da ɓawon gujiya.

Abu guda ne na lura da shi tun ban san dalili ba. Ko ta ina hayaƙi yake bi, Kaka ba ta sauya wurin zama. Kullum bayanta take ba tudun. Daga inda muke zaune mu muna hango shi, baƙi ƙirin a kan sauran hasken yamma, da guntayen ganuwa a kansa kamar haƙoran tsoho. Ita kuwa idan za ta tofar da taba sai ta waiwaya ta kafaɗar hagu ta tofa can wajensa.

Labarin tudun ba kullum take ba da shi ba, kuma ba kowa take ba. Sai ranar da yarinya ta fara ɗauko tulu cike daga rijiya ta iso gida ba ta zubar ba. Tawa ranar ta zo ina 'yar shekarun Nafisa na yanzu ko ƙasa da haka. Na sauke tulun wuyana na ciwo, ina jiran yabo. Kaka ta leƙa ciki ta ce, "To, ba laihi, ga ɗiyar birni." Bayan magariba aka hura wuta kamar kullum, sai ta dubi Sani da sauran maza ta ce su tashi su ba ta wuri. Sani ya tsaya gardama, ta ɗaga muciya, ya arce.

Ta ce, "Ku matso. Wagga ba gatana ba ta. Ba kura ciki, mutane na zalla, kuma sun hi kura."

Ta ce a zamanin kakar kakarta, lokacin mahara, ba a kwana da ido biyu rufe a kwarin nan. Sai mayaƙa suka zo daga birni da shugabansu, suka ce za su gina kagara a kan tudu don tsaron kowa. Kaka ba ta taɓa faɗin sunan shugaban ba, Mai Rawani take ce masa. Sunansa yanzu yana rubuce a allon ƙarfen nan da manyan baƙaƙe, amma ni ma ba zan rubuta shi ba.

Mazan kwari ne suka yi ginin. Su suka haƙo laka, suka dunƙula tubali, suka hau da shi, kowane gida da nasa yankin ganuwar da zai gina, ya kuma riƙa yaɓe shi duk bayan damina. Da aka gama sai aka ga abin da ba a yi tunani ba, wato tudun ba shi da ruwa. An haƙa rijiya, an tarar da marmara, an sauya wuri, an sake tarar da ita. Sai aka yi alkawari tsakanin sama da ƙasa. Matan kwari za su riƙa hawa da ruwa daga gulbi kowace safiya, su cika randunan kagara. Su kuma na sama, duk ranar da aka busa ƙaho, ƙofarsu a buɗe take ga mutanen kwari.

Matan zamanin nan ba su yarda da alkawarin baki kawai ba. A bakin ƙofa, daga ciki, akwai shimfiɗar marmara, sai kowace mace ta sassaƙe gurbi a jikinta daidai gindin tulunta. Idan ta juye ruwa ta kife tulun a gurbinta, an san tana ciki ko tana gida lafiya. Idan gurbin yana wofi, to tana hanyar gulbi. Dokar ita ce mai tsaron ƙofa ba ya tura ƙyaure sai ya dubi gurabe. Muddin akwai gurbi guda a wofi, ba a rufe ƙofa. An yanka baƙin bunsuru a kan wannan, na sama kuma sun rantse da abin da suke rantsuwa da shi.

Kaka ta ce, "Shekara da shekaru ana haka. Wuyan mata ya ƙare a hanyar ga. Kakanninku duk da saɓa a tsakar ka sunka mutu, gammo ya cinye gashin."

Cikin matan akwai Tanoma, wadda muka fito daga tsatsonta. Ban da 'ya'yanta mata, tana da ɗa namiji guda, Anaruwa, wanda bai daɗe da barin nono ba, kullum yana riƙe da gefen zanenta. Wata safiya mata sun gama aikinsu, sun kife tuluna, sai ga baƙin mayaƙa sun iso kagara da dawakai masu ƙishi. Mai Rawani ya ce a koma gulbi. Matan suka ce sun ga tsuntsaye suna tashi daga kurmin kudu tun asuba, ba su yarda da wurin ba. Ya ce doki ba ya jiran tsoron mace. Tanoma da wasu mata suka ɗauki tuluna suka sauka, yaransu na biye.

Suna cikin ɗiba aka busa ƙaho. Mutanen kwari suka kwasa a guje suka hau, aka shige, ya rage matan gulbi. Mai tsaron ƙofa ya dubi gurabe ya ce akwai saura. Daga kan ganuwa ana hango su, sun yar da tuluna, sun saɓa yara, sun kamo hawa. Ana kuma hango mahara a bayansu, da sauran tazara.

A nan Kaka takan tsaya ta gyara wuta, ko da ba ta bukatar gyara.

Ta ce, "Da shi ce a ruhe kawai, da mun ce tsoro na, tsoro kuwa kowa na da nashi. Ba haka yay yi ba. Cewa yay yi a shiga ɗakin matanshi a kwaso tuluna."

Aka kwaso tulunan gidansa, aka kife su a guraben da ke wofi, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya kira mai ƙofa ya ce ya sake dubawa. Mai ƙofa ya duba, ya ga ko'ina cike. Aka tura ƙyaure aka saka gungume. Mazan matan suna ciki suna ihu, aka tare su da masu.

Tanoma ta iso ƙofa da ɗanta a kafaɗa. Ta buga da hannu, ta buga da dutse, ta kira mai ƙofa da sunansa, domin ta sha ba shi ruwa a ludayi. Ta ɗaga yaron sama ta ce ko shi kaɗai a miƙo igiya a ja. Ba wanda ya leƙo. Mahara suka iso suka fizge Anaruwa daga hannunta, suka sare ta a kafaɗa suka bar ta kwance sun ɗauka ta mutu. Suka kora sauran mata da yara suka yi kudu da su, kuma ba a sake jin labarin ko ɗaya ba.

Washegari aka buɗe ƙofa. Tanoma ta ja jiki ta shiga, ba ta dubi kowa ba, ta nufi gurbinta, na ƙarshe ta hannun hagu, wanda yake da tsaga a baki. Ta tarar da tulu a kife, sabo, mai zanen ja. Ta tambaya na wane ne. Ta ɗaga shi da hannunta mai lafiya ta maka shi a jikin ƙyauren.

Kaka ta miƙe zaune, ta yi muryar da nake jin ita ce muryar Tanoma duk da ba wanda ya taɓa jin ta. "Tac ce, daga yau ni da ɗiyana mata da ɗiyan ɗiyana, ba mai sake hawa tudun ga da ruwa. Mai ƙishi shi sabko."

Mai Rawani ya yi dariya a ranar. Bayan 'yan kwanaki randuna suka yi ƙasa, dariya ta ƙare. Ya aiko da bulala aka tasa mata a gaba, suka ɗauki tuluna suka kama hawa. Sai dai abin mamaki, duk macen da ta kai rabin tudu sai tuntuɓe ya kama ta. Wannan ta faɗi, waccan ta faɗi, ruwa ya bi ƙasa. Aka je wurin masu ginin tukwane, su ma mata ne, suka ce yumɓun bana ba ya da kyau, da an gasa sai ya tsage. A nan mukan yi dariya, Kaka ma takan saki fuska kaɗan. Ta ce idan ba mu yarda ba mu je mu tona gefen hanyar, tsingaro ne fal. Mun je mun tona, haka ne.

Mai Rawani ba zai iya kashe su duka ba, domin geron da yake ci daga hannunsu yake fitowa. Mazan kwari kuma da aka kira su yaɓen ganuwa bayan damina, kowa ya ce bayansa na ciwo. Ruwan sama ya ci gefe guda, shekara ta zagayo ya ci wani. A ƙarshe mayaƙan suka ɗaure kayansu suka koma inda suka fito. Ba maharin da ya taɓa cin kagarar nan da yaƙi, wannan gaskiya ne, kuma shi aka rubuta a allo. Abin da ba a rubuta ba shi ne ƙishirwa ce ta sauko da su.

Kaka ta kakkaɓe hannu ta ce, "Nan na sabke tulu. Wadda ta isa ta ɗauka."

Ni da yake bakina ba ya zama wuri ɗaya, na ce, "Kaka, to cikin kagarar ba yara?"

Ta zuba mini ido har na fara neman hanyar gudu. Sannan ta ce, "Akwai. Ana jin kukansu har gulbi, kuma Tanoma ta ji."

"Ba ta kai masu ba?"

"Ke, mai kunnen ƙashi, mi nac ce? Hawa ta ƙi, ba ruwa ta hana ba. Kullum sahe sai ta cika tulu ta aje a gindin tudu, nan inda hanya ta soma. Wanda ɗanshi ka kuka, shi sabko shi ɗauka. Amma ina! Namiji mai takobi shi aza tulu bisa rawani, mata na kallo? Sun gwammace ɗiyansu su yi ta kuka."

Ta tofa taba ta kafaɗar hagu, ta ce kowa ya je ya kwanta, dankalin ma ba a ci ba.

Daga daren nan na tsani tudun. Ba wai tsoronsa nake ba, tsana ce sosai, irin wadda ake yi wa mutum. Da na yi girma a lakwal a Maradi aka koya mana jaruntakar masu kagara, na zauna ina cizon alƙalami. Da Malam Issufu ya zo neman aurena, aka kai shi gaida Kaka, ta tambayi garinsu da asalinsa, ya zayyano mata kakanni masu takobi yana hura hanci. Ta ce, "Madalla. In kun yi ƙishi dai ka san hanyar rijiya?" Ya ɗauka wasan kaka da jika ne, ya yi ta dariya. Ta rasu kafin a haifi Nafisa, a ɗakin nan nata mai ba tudu baya.

Na sha tambayar kaina ko abin da ta ba mu gado ne ko kaya. Mutanen da suka yi abin sun zama ƙasa, mu kuma yanzu famfo muke murɗawa. Wataƙila shi ya sa ban taɓa ba Nafisa labarin ba, domin ba ta taɓa ɗauko tulu daga rijiya ba balle ranarta ta zo. Sai ga shi ranar ta zo ta hanyar da ban zata ba.

Gidanmu ya yi zafi a kwanakin nan. Malam ya ce shi ne ubanta kuma ya ba da izini, har ya sayo mata zanen saƙi da murjani. Nafisa ta daina cin abincina. Idan na shigo ɗaki ta fita. Na ji ta tana gaya wa ƙawarta ta waya wai mamanta 'yar ƙauye ce mai camfi, kuma maganar ta yi mini ciwo ƙwarai.

Ana gobe biki, bayan magariba, Malam yana masallaci, na jawo murhun gawayi tsakar gida na zuba gujiya a kasko. Na ce ta zo ta zauna. Ta zo tana kumbure-kumbure, ta zauna nesa. Na ba ta labarin yadda aka ba ni, ban ƙara ba ban rage ba. Ban iya murya kamar Kaka ba, amma da na kai wurin tulunan matan Mai Rawani na ga ta daina wasa da yatsun ƙafarta. Da na gama ta dube ni.

Ta ce, "Mama, cikin kagarar ba yara?"

Na ba ta amsar Kaka.

Ta ce, "To ni mi zan yi gobe?"

Na ce, "Babanki ya ce ki hau, ni na ce ba ki hawa. Ba ni ɗaure ki. Kin dai ji."

Da safe muka tafi Jiratawa a mota guda. An share hanyar tudun, an jera duwatsu an shafa musu farar ƙasa. Manyan baƙi sun riga sun hau, suna zaune a rumfa can sama cikin manyan riguna, Malam ma ya kutsa cikinsu. Ni na tsaya a ƙasa tare da matan ƙauye, waɗanda ba wanda ya ce su hau. Rana ta ɗaga, makaɗa suka fara, aka aza wa Nafisa tulu a kan gammo. Ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ta taho a hankali, wuyanta a miƙe, ruwan ko motsi ba ya yi. Na ƙudura a raina idan ta hau zan juya baya kamar Kaka, kada in gani.

Ta iso inda hanya ta fara hawa, ta tsaya. Ta kai hannu biyu ta sauke tulun, ta gyara masa zama a cikin rairayi, ta ja da baya.

Kiɗa ya rikice. Mushe Laminu ya gangaro da sauri yana tuntuɓe, takarda a hannu. "Nafisa! Mi ya hwaru? Ɗauki mu tahi, ana jiranki!"

Kanta a sunkuye, muryarta ƙasa-ƙasa, ta ce, "Mushe, ka yi haƙuri. Mu nan muka ajewa."

"Ku wa?"

Ya juya ga 'yan matan ƙauye da ke tsaye ya ce wata ta zo ta ɗauka. Wata tsohuwa da ban sani ba ta miƙa sandarta a gabansu, ba wadda ta motsa. Ashe ba a ƙofar ɗakin Kaka kaɗai aka hura irin wutar nan ba.

Daga sama ana ta yafito shi. Bawan Allah ya dubi tudu, ya dubi tulu, ya cusa takardarsa a aljihu ya sunkuya. Ya fara rungumarsa a ƙirji, ya ga ba ta yi ba, ya mayar kafaɗa, ruwa ya bi masa wuya har cikin wando. A ƙarshe dai ya aza shi a ka, ba gammo, ya kama hawa yana tangaɗi. Tsohuwar nan ta rangaɗa guɗa, matan suka kwashe da dariya har wasu na riƙe ciki. Shi ba shi da laifin komai, malami ne mai son aikinsa, kuma daga baya na je na ba shi haƙuri. Amma a lokacin ban ji tausayinsa ba ko kaɗan. Tun da aka gina kagarar nan, ranar ce namiji ya fara hawa da tulu a ka mata na kallo, kuma rabin ruwan kawai ya kai musu.

Nafisa ta zo ta kife fuskarta a jikina tana kuka. Ba ta shiga hoto ba, ba a kira sunanta ba, ta kuma san abin da ke jiranta a aji da wurin ubanta, wanda ya sauko ya wuce mu kamar bai san mu ba. Ban ce mata ta kyauta ba. Yarinya ce, kuma ni na aza mata kayan da ya fi tulun nauyi. Sai a lokacin na gane abin da Kaka take tsarewa da duk zafin nan nata. Ba fushi don fushi ba ne. Idan kowa ya yafe, aka hau aka yi kiɗa, to shi ke nan ƙidayar Mai Rawani ta zama gaskiya, ba wanda aka bari a waje.

Da la'asar, bayan an watse, Nafisa ta share ido ta ce tana son ganin wurin. Hawa hannu wofi ba a hana mu ba, sai dai ni ban taɓa yi ba. Muka hau ina haki. Ganuwar ta zama tsibin ƙasa, an kafa sabon ƙyauren katako inda tsohon yake, ga allon yabo a gefe. Muna shiga na ga shimfiɗar marmara. Masu shirya biki sun gane cewa guraben na tuluna ne, don haka suka sayo sababbi a kasuwa, masu zanen ja da fari, suka kife a kowane gurbi don baƙi su ga yadda ake yi a da. Ko ɗaya ba su bari a wofi ba.

Nafisa ta ce, "Wanne na nata?"

Na nuna mata na ƙarshe ta hannun hagu. Ta tsuguna ta ɗaga tulun, ga tsagar nan a bakin gurbin, yadda Kaka ta faɗa. Na zaci za ta maka shi da ƙyaure, kuma da ta yi da ban hana ta ba. Sai ta kai shi gefe ta ajiye a hankali, ta dawo ta sa hannu ta kwashe rairayin da ya taru a cikin gurbin.

Mai gadin wurin ya taho da makulli a hannu, ya ce, "Ke yarinya, maida shi inda kika ɗauka, zan ruhe ƙohwa."

Ta ɗago ta dube shi ta ce, "Baba, ba a ruhewa tukuna. Akwai wadda ba ta shigo ba."